Marigayi a Shafi na Tara

Akwai wani ɗan littafi mai koren bango a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadona, kuma na san babu ɗayanku da bai taɓa buɗe shi a ɓoye ba, don haka kada wani ya yi mini fuskar rashin sani. Kun ga hotona a shafi na tara an kewaye shi da baƙin layi, kun ga an rubuta "Marigayi" a ƙarƙashinsa, kun kuma ga gurbin sunana ya goge, sai ɗan fari-fari. Abin da kuka tsinta a bakin dangi shi ne wai na yi mutuwar ƙarya don in yi suna, kakarku Inna ta yi fushi ta kankare ni daga littafin. Rabin maganar gaskiya ne, kuma shi ne rabin da ba ya yi mini daɗi. Ɗaya rabin nake so in gyara muku tun kafin a sake rubuta kalmar nan a gaban sunana, a lokacin da ba zan iya zuwa in ƙaryata ba.

Sai kun san yadda suna yake a gidanmu na Zandam kafin ku gane sauran. Sunana na yanka Inuwa, sunan kakana na wajen uba, Malam Inuwa mai zayyana, wanda yake yi wa allo ado idan yaro ya sauke Alƙur'ani. Ya rasu ina ciki, aka mayar mini da sunansa, daga ranar kuma sunan ya zama abin da ba a faɗa a gidan. Kowa Baballe yake ce mini. Sai da aka rubuta ni a rajistar makaranta na zama Inuwa Zandam, wato mutum biyu na tashi, ɗaya na gida, ɗaya na takarda, kuma ba su taɓa haɗuwa ba. Ita Inna ko Baballen ba ta faɗa, domin ni ne ɗanta na fari. Mutanenmu Fulani ne da suka zauna suka haɗa sanda da fartanya, Fulatanci ya tafi ya bar mu, amma kunya ba ta je ko'ina ba. In tana so in ci abinci sai ta ce wa ƙanwata Hajara ta duba ko akwai mai jin yunwa a gidan nan. Ranar da mahaifinmu ya rasu ma babu wanda ya ga hawayenta, matan gari har misali suke yi da ita.

Hannun kakana na gada ko da yake ban gan shi ba. Allunansa uku suna rataye a zaurenmu, a jikinsu na koyi kallon launi. A kwalejin horon malamai wani malaminmu ya ba ni fenti da buroshi, daga nan ban ƙara jin kira ba. Na zana shanun Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, a mashaya, na zana kasuwar Gwaram, na zana 'yan matan Birnin Kudu suna kaɗa dutsen nan mai amo a lokacin biki. Da arzikin mai ya ɓarke bayan yaƙi, samari suka kama hanyar kudu, ni ma na bar zane-zanena a hannun malamin nan a Kano na tafi Fatakwal. Shekara biyu ina rubuta "Allah gatan kowa" a goshin manyan motoci, ina zana wa masu aski kawuna a allo, ban aiko gida da wasiƙa ko ɗaya ba. Kullum cewa nake sai na sami abin da zan shiga gida da shi, kullum gobe.

Ranar da na sauka Kano, da gemu da tulin gashi irin na samarin lokacin, sai na ga 'yan matana masu kaɗa dutse a jikin bangon tasha. Takardar talla ce, ana gayyatar jama'a nunin zane-zanen 'yan jiha a wani babban zaure na gwamnati. Ko masauki ban nema ba, na ɗauki jakata na nufi can, ƙirjina kamar ya fashe don murna. A bakin ƙofa aka miƙo mini koren littafin nan, wanda ake rabawa don mai kallo ya san wa ya yi me. Na yi ta buɗawa ina neman kaina, na kuwa same ni. Hoton katina na kwaleji ne, ba gemu, wuya kamar na zabo. An rubuta da Turanci a sama, da Hausa a ƙasa don kada wani ya ce bai gane ba, cewa Marigayi Inuwa Zandam ya fara da zayyanar allo a zauren gidansu, ya rasu kwanan baya bayan zazzaɓin kwana uku, ƙasa ta yi babban rashi.

Mutane sukan yi dariya idan na zo nan, amma ni ba dariya ce ta zo mini ba. Na karanta sau uku kalmar tana nan inda take. Wallahi sai da na kai hannu wuyana na ji jijiya tana harbawa. Har na fara tunanin ko motar da ta kawo ni ta kife a hanya ne ban sani ba, domin mutane suna ta wuce ni babu mai kallona. Da ƙyar na tambayi wanda ya haɗa littafin, aka nuna mini wani saurayi, Mista Bitrus, mutumin tsaunukan Jos, mai kirki da Hausa a bakinsa tas. Na ja shi gefe na nuna masa tsohon katina. Ya dubi katin, ya dube ni, fayil ɗin hannunsa ya zube, ya zauna daɓas a kan matakala.

Da numfashinsa ya dawo ya ba ni labari. Malamina ya miƙa musu zane-zanen ya ce bai san inda nake ba, shi kuma don kada ya rubuta ƙarya sai ya hau babur takanas har Zandam. Ya tarar da wani dattijo a zaure, wato Baffa Sale.

"Na ce masa, nan ne gidan Inuwa mai zane? Ya ce nan ne, Allah ya jiƙansa. Na ce yaushe abin ya faru, ya ce mu a wurinmu kamar jiya ne. To ni wane ne da zan tsare mai makoki da tambaya?"

Baffa bai yi ƙarya ba, Bitrus bai yi ƙarya ba. A gidan nan Inuwa ɗaya aka sani, kuma ya yi shekara ashirin da shida a ƙasa. Baffa ya ji daɗi ma gwamnati ta tuna da mahaifinsa, ya sauko da allunan ya nuna, ya ba da labarin zazzaɓin, ya sa aka dama wa baƙo fura. Da Bitrus ya ce Baballe yake nema da an ce masa yana kudu, amma ina zai san Baballe?

Sai ya shiga roƙona. An gama buga littafin, an raba, manyan da suka buɗe nunin har tsayuwar shiru sun yi domina, in magana ta fito yanzu aikinsa ya tafi. Ya ce da zarar an rufe zai sa a buga 'yar takardar gyara a bi kowane littafi da ita.

"Ka yi mini rai, Malam Inuwa," in ji shi, "ka ci gaba da mutuwa na mako biyu kacal."

Shekaru ina gaya wa mutane tausayinsa ne ya sa na yarda. Akwai tausayin, amma ba shi ne babba ba. Yana cikin magana na jiyo wani mai babbar riga a gaban shanun Baffa yana cewa irin wannan hannu ba a samunsa sau biyu, Allah ya ɗauke mana shi da wuri. Tunda nake ba a taɓa yabona a gabana ba. A gida in na yi abin kirki shiru ne ladana, a kudu kuwa mai aski ba ya cewa komai sai kunnen ya yi girma. An ce yabon gwani ya zama dole, ni sai da na mutu ya zama dolen. Na ce a raina, ina Zandam ina littafin nuni? Da na yi niyyar kwana ɗaya in wuce gida, sai na kama ɗaki a Fagge na zauna. Ko saƙon baki ban ba direbobin Gwaram ba, alhali kullum suna tasha.

Kowace safiya sai in je in zauna a benci a kusurwar zauren kamar ɗan kallo, ina shan yabo. Na ga wata malama ta share hawaye a gaban shafi na tara. Wani ɗalibi ya tambaye ni ko na san marigayin, na ce na san shi sama-sama, mutumin kirki ne. Ina rubuta muku wannan fuskata tana zafi, amma haka aka yi.

Da aka rufe nunin na yi sammako na hau motar Birnin Kudu, da niyyar in fara sauka gidan Hajara, wadda take aure a can, mu sha dariyar abin tare. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Wata maƙwabciya da ba ta san ni ba tana shanyar gero, na tambaye ta masu gidan.

"An yi musu rasuwa, suna Zandam, yau kwana bakwai."

Jakata ta suɓuce. Ba wanda ya faɗo mini sai Inna. Na ce, "Tsohuwar ce?"

"A'a, wanta ne, mai zanen nan da ya tafi kudu. Har a littafin gwamnati aka buga."

Hajara ba ta da wani wa a duniya sai ni. Ban san yadda na koma tasha ba, ban san wanda na zauna kusa da shi har Gwaram ba, abin da na sani na karɓi keken wani mai faci na taka kamar ana bina. Duk hanya lissafi ɗaya nake yi, in yau kwana bakwai ne, to ranar da labarin ya isa gida ina can kan benci ina cewa marigayin mutumin kirki ne.

Bayan la'asar na isa, tabarmi suna shimfiɗe a ƙofar gidanmu, maza sun cika su. Gemun ya ɓoye ni, sai na durƙusa a gefe kusa da Malam Jibo, wani tsoho da idanunsa suka yi rauni. Ya lalubo hannuna ya danƙa mini gumbar sadaka, ya ce Allah ya jiƙan Baballe, yaro ne mai hannu. Kafin in kama bakina "amin" ta fita. Baffa Sale ya ji muryata. Ya miƙe a hankali, carbinsa ya faɗi. Wani daga can ƙarshe ya tashi ya bar takalmansa. Baffa ya zo ya damƙi wuyan hannuna yana matsawa kamar mai taya akuya, ya ce in karanta Fatiha. Na fara karantawa, kafin in kai ƙarshe dattijon nan ya fashe da kuka a kafaɗata.

A tsaye aka ba ni labarin. Ashe ofishin su Bitrus ya aika wa makarantu littafin, Malam Hashimu mijin Hajara, wanda yake koyarwa a firamare, ya buɗe shi a ofishin hedimasta. Ga hotona, ga tambarin gwamnati, ga shekara biyu babu wasiƙa. Da ya kawo shi Zandam, Baffa ya tuna baƙon nan mai babur, ya ce ashe rasuwar ya zo faɗa zuciyarsa ta kasa. Da aka karanta zazzaɓin kwana uku kuwa sai kowa ya ce suna linzami ne, ciwon kakansa ne ya ɗauke shi. An yi mini sallar gawa ba gawa, an yanka bajimina an yi sadaka.

Zan shiga cikin gida Hajara ta tare ni a ƙofar zaure, ta riƙe rigata da hannu biyu, idanunta sun kumbura.

"Yaya, ka shiga a hankali. Inna ta faɗi sunan."

Ban gane ba sai da ta maimaita. Ta ce da Malam Hashimu ya gama karantawa, Inna ta fito tsakar gida ba mayafi, a gaban Baffa da surukai da kowa, ta ɗaga murya ta kira Inuwa sau uku, har masu ɗiban ruwa a rijiya sun ji. Sunan surukinta, sunan ɗanta na fari. Kwana bakwai tana kiransa kamar mai ramuwar azumi, ba ta ci ba, ba ta tatsi saniya ba. Abin da na ji a shafi na tara wasa ne a kan abin da na ji a ƙofar zauren nan. Tun ina yaro babu abin da nake so a duniya kamar in ji ta kira ni, ko da Baballen ne, ga shi ta kira, gari duka ya ji, ban da ni.

Na same ta a ƙofar ɗakinta a kan tabarma, ta rame, koren littafin a cinyarta. Na durƙusa. Ta dube ni tun daga kai har ƙafa, kallon da ba ta taɓa yi mini ba, leɓɓanta suna motsi. Na riƙe numfashina ina jira. Sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya wajen bango.

"Hajara, ki ba baƙo ruwa."

Da a nan abin ya tsaya da ya zo da sauƙi, domin a zaure kowa ikon Allah yake faɗa, ana ta zagin gwamnati da mai babur. Amma Malam Hashimu malamin makaranta ne, ba ya ganin kwanan wata ya ƙyale. Ya juya bangon littafin ya dubi ranar buɗe nunin, ya tambaye ni yaushe na sauka Kano. Kada ku yabe ni da faɗin gaskiya, wani direban Gwaram ya gan ni a Fagge tun makon farko, na san maganar za ta iso ko na so ko ban so ba. Na ce tun ranar farko na ga littafin. Na faɗi roƙon Bitrus, na faɗi bencin. Baffa ya sunkuyar da kai yana murza carbi. Zana ce kawai tsakanin zauren da inda mata suke, daga bayanta na ji muryar Inna, ba da ƙarfi ba.

"Ashe ka sani."

Ita ce magana ta farko da ta taɓa yi mini kai tsaye, ba ta bakin wani ba.

Daga ranar Inna ba ta ƙara kai nono kasuwar Gwaram ba, ba ta ƙara zuwa biki ko suna ba. Babu wanda ya yi mata gori, amma ita a ganinta ta tuɓe a gaban gari, kunyar da ta tsare shekara talatin ta zubar da ita a yini ɗaya, kuma a kan abin da ɗanta zai iya hanawa da saƙon baki. Bayan wata guda takardar gyaran Bitrus ta iso, ba ta kai tafin hannu ba, Baffa ya ƙunshe goro da ita. Ni ban koma kudu ba. Na karɓi aikin koyarwa a Birnin Kudu, inda na auri mahaifiyarku, kowace Juma'a ina taka keke zuwa Zandam in durƙusa in yi gaisuwa, a amsa mini ta bakin duk wanda yake kusa. An yi ta aiko mini da katin gayyatar nuni, ban ƙara ba kowa zanena ba. Wata rana aka sa ni gyaran jinkar ɗakinta, ina sauke jeren ƙorenta na ga littafin a cikin ta ƙasa. Na buɗe shafi na tara, kalmar "Marigayi" tana nan baƙa wuluk, sunana babu. Na ɗauka hukunci ne ta yanke, na mayar da shi na rufe, ban tambayi kowa ba. Ni da kaina na fara faɗin maganar kankarewar nan da kuka ji, ba dangi ba.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta yi a duniya bayan dawowata. Da aka share makokinta, Hajara ta kawo mini littafin a ƙunshe cikin ɗankwali, na ce ta riƙe, ba na son ganin inda aka kankare ni. Ta dube ni kamar ta ga sabon mahaukaci, tana hawaye tana dariya.

"Kai da kake mai zane, ba ka san kankara da shafa ba? Ɗaga shi a rana ka gani."

Na ɗaga. Babu sawun wuƙa, babu na reza, takardar ba ta tashi ba. Wurin ya yi sumul yana ɗan ƙyalli, da na kai hanci na ji man shanu. Hajara ta ce washegarin dawowata Inna ta kira ta ɗaki, ta ce ta nuna mata a cikin baƙaƙen nan wanne ne mugun, wato Marigayi, wanne ne ɗayan, don ko a lokacin ba ta ce sunan ba. Ta nuna mata. Tun daga nan kowace safiya in ta gama tatsa sai ta sauke ƙoren, ta ɗora babban yatsanta a kan ɗayan, ta jima, ta mayar. Mugun ko da kuskure ba ta taɓa shi ba.

Na zauna a ƙasa kamar yadda Bitrus ya zauna a matakala, na yi kukan da ban yi a maƙabarta ba.

Kwanaki ɗayanku ya ce zai sa biro ya mayar da sunan don jikoki su san ko wane ne a hoton. Kada wanda ya kuskura, ina raye ko bayan raina. Jikoki su tambaye ku, ku gaya musu har da bencin. Ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba, kuma ni na jawo. Amma wurin nan da kuke gani fari, nan ne take kirana.